Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Abin da Ke Tsakanin Ruwa da Wutar Lantarki a Babbar Kasuwa

Duk wanda ya shiga Babbar Kasuwar Yamai da tsakar rana cikin watan Afirilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, zai tarar babu cinikin da ke tafiya kamar na ruwan sanyi. Yara na yawo da bokiti bisa kai suna tallar piyawata, masu firigo na fasa ƙanƙara, ƴan ga-ruwa na turo kura cike da bido, ruwan da ya narke kuma yana malala bisa siminti. A saman kawunan jama'a kuwa wayoyin wuta ne suka ratsa daga rumfa zuwa rumfa, wasu an naɗe mahaɗarsu da leda, wasu rana ta riga ta cinye robarsu. Tsakanin waɗannan abubuwa biyu ɗan kasuwa ke wuni, galibi da jiƙaƙƙen hannu.

Babu ɗan kasuwar da bai san cewa hannu mai ruwa ba ya taɓa wayar wuta ba. Wannan ilimi ne da aka saya da tsada, domin kuwa wasu da rayukansu suka biya. Amma ɗan makarantar da ya zauna ajin kimiyya a Lise Isa Korombe zai dawo gida da wata magana dabam, wai malaminsu ya ce tsarkakakken ruwa ba ya barin wuta ta wuce, kusan kamar roba ko gilashi. Uban zai ce boko ya ɓata yaro, yaron kuma ya ce tsofaffi ba su san kimiyya ba. Alhali kuwa dukansu biyu gaskiya suka faɗa, sai dai kowa ya kama giwar ta gefen da hannunsa ya kai. Kuma sanin inda maganganun biyu suka haɗu ba abin wasa ba ne ga kasuwar da ta san gobara ido da ido. A shekarar 1982, zamanin mulkin Seyni Kunce, wuta ta cinye ta ƙurmus, sai a 1987 aka buɗe ginin da ake gani yanzu. A watan Mayu na 2009 gobara ta sake cin wani sashe nata, a 2012 kuma ƙaramar kasuwa, wadda ake kira Peti Marshe, ta ƙone. Duk ranar da hayaƙi ya tashi, abin da hannu ke fara rarumowa shi ne bokitin ruwa.

Ƙwaya mai fuska biyu

Ruwa tarin ƙwayoyi ne ƙanana matuƙa, waɗanda masana ke kira molekil. A cikin leda guda ta piyawata mai rabin lita, adadinsu ya zarce lamba 1 da aka jera wa sifiri 25. Kowace ƙwaya haɗin zarra uku ce: oksijan guda a tsaka, idirojan biyu a gefe. Sirrin duka yana ga yadda suka zauna. Ba a miƙe suke kamar sanda ba, a lanƙwashe suke kamar gwafa, da kusurwa mai digiri 104.5 tsakanin hannuwan biyu. Oksijan kuma mai haɗama ne, yana janyo elektiron ɗin da suka yi tarayya a kai zuwa gefensa. Saboda haka gefen oksijan ya ɗan rinjaya ga cajin ragi, wanda masu gyaran batir ke yi wa alamar (−), gefen idirojan kuma ya rinjaya ga cajin ƙari, mai alamar (+). Idan aka haɗa lissafi, ƙwayar ba ta da caji ko kaɗan, ƙari da ragi sun cinye juna. Amma tana da fuska biyu, kamar ƙaramin batir mai kai da gindi. Da a miƙe take, da jan hannun dama ya soke na hagu, da kuma ruwa bai zama ruwan da aka sani ba. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Peter Debye, shi ya shimfiɗa lissafin irin waɗannan ƙwayoyi masu fuska biyu tun 1912, aka kuma ba shi kyautar Nobel a 1936.

To, wutar lantarki ba ta wucewa sai da mai ɗaukar ta. A cikin wayar jan ƙarfe, elektiron ne ke yawo a sake, su ne ƴan dakonta. A cikin ruwa babu elektiron sakakke, kowane yana ɗaure ga ƙwayarsa. Ƙwayar ruwa kuwa, tun da ba ta da caji a dunƙule, idan wuta ta zo ba ta tafiya ko'ina, juyawa kawai take yi a inda take, ta fuskantar da gefen ƙarinta ga wayar ragi. Abin da ke juyawa haka ba tare da ya kai saƙo ba shi ake kira diyelektirik, kalmar da ta shiga ilimi ta hannun Michael Faraday na Ingila a shekarun 1830. Wannan ita ce gaskiyar malamin lise.

An daɗe kafin a tabbatar da ita, domin tsarkake ruwa aiki ne ja wur. A 1894 wasu Jamusawa biyu, Friedrich Kohlrausch da Adolf Heydweiller, suka yi ta turara ruwa suna maimaitawa a cikin gilashin da aka zuƙe wa iska, har suka kai ga ruwan da kusan babu kome cikinsa sai shi kansa. Da ma'aunin yau, sauƙin wucewar wuta a irin wannan ruwa mikirosimens 0.055 ne a kowace santimita, a zafin digiri 25. Ruwan famfo na gari kan kama daga gommai zuwa ɗaruruwa a wannan ma'auni, watau ya ninka shi sau dubu ko fiye. Ruwan teku yana wajen 50,000, kusan ninki miliyan ke nan. Jan ƙarfe kuma ya ninka ruwan teku sau miliyan 10. Abin mamaki, da zarar an bar wancan tsarkakakken ruwa a buɗe, iskar karbon da ke cikin sarari ta isa ta ninka adadinsa fiye da sau 10, ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Sunan piyawata daga Ingilishin Najeriya ya zo, ma'anarsa tsarkakakken ruwa, amma a wurin Kohlrausch romo ne.

Mai karatu zai ce, in haka ne me ya sa adadin bai zama sifiri ba? Dalili shi ne ruwa yana tsinka kansa da kansa, kaɗan ƙwarai. A kowane lokaci, cikin ƙwaya miliyan 550 ana samun kamar guda da ta saki idirojan ɗinta ɗaya ga maƙwabciyarta, sai a sami ɓangare mai ƙari da ɓangare mai ragi. Ɓangarori masu caji irin waɗannan su ake kira iyon. Tafiyar iyon na idirojan kuwa abin kallo ce. Wanda ya taɓa ganin ana sauke kaya daga babbar mota a bakin kasuwa ya san hanya biyu ce: ko ɗan dako ya ɗora katan bisa kai ya kutsa cikin cunkoso, ko kuwa ƴan dako su yi layi suna miƙa wa juna hannu da hannu. Yawancin sauran iyon kutsawa suke yi. Na idirojan miƙa shi ake yi: ya shiga ƙwaya ta wannan gefe, wani ɗan'uwansa ya fita ta wancan, har saƙo ya kai ƙarshen layi ba tare da kowa ya yi tafiya mai nisa ba. Shi ya sa ya fi iyon na sodiyom sauri kusan sau 7. Wani saurayi ɗan shekara 20, Theodor von Grotthuss, shi ya fara kawo wannan tunani a wata ƴar takarda da ya buga da Faransanci a birnin Rum a 1805, tun ba a gama sanin zarra nawa ke cikin ƙwayar ruwa ba. Har yau da sunansa ake kiran abin.

Masu rabon faɗa

Yanzu sai a juyo ga gaskiyar ɗan kasuwa, kuma a layin masu gishiri da kanwa za a same ta. Kantun gishirin Bilma da gishirin Foga da na buhu da ke zuwa daga bakin teku, asalinsu ɗaya: iyon na sodiyom mai ƙari da iyon na kulor mai ragi, sun rungumi juna a jere. Tun 1785 Bafaranshe Charles de Coulomb ya auna ƙarfin da ke jan ƙari zuwa ga ragi, kuma a cikin gishiri wannan ƙarfi ba ƙarami ba ne. Wanda ke son narkar da gishiri da wuta kaɗai sai ya kai shi digiri 801, zafin da ya wuce na narkar da sanholon da maƙeran Katako ke zuba tukwane da shi. Amma ga shi yarinya na barbaɗa shi a ruwan randa mai sanyi, kafin ta juya ludayi sau uku ya ɓace. Me ruwan sanyi ke da shi wanda maƙera ba ta da shi?

Abin da yake da shi jama'a ne. Idan mutum biyu suka shaƙe wuyan juna a tsakiyar kasuwa, ba ƙato guda ke raba su ba, taro ne ke kewaye kowannensu, wannan ya riƙe hannu, wancan ya shiga tsakani, har su daina ganin juna. Haka ƙwayoyin ruwa ke yi. Suna kewaye sodiyom, kowace ta juyo masa da gefen oksijan, suna kewaye kulor, kowace ta juyo masa da gefen idirojan, na bayansu su ma su ɗan karkata, sahu bayan sahu. Juyawar nan tana haifar da wani ja da ke adawa da na asali, sai ƙarfin da ke tsakanin iyon biyu ya ragu kusan sau 80. Wannan lamba ita masana ke kira adadin diyelektirik, ana iya ce mata adadin sassautawa. Na iska 1 ne. Na fetur wajen 2, na man gyaɗa wajen 3, na barasa wajen 25, na ruwa 80 a zafin digiri 20. Shi ya sa mai ƙosai za ta iya zuba gishiri cikin mai ya kwanta a gindin kasko yini guda bai narke ba.

A nan ne maganar uba da ta ɗa suka haɗu. Halin nan na juyawa, wanda ya sa tsarkakakken ruwa ba ya kai wuta ko'ina, shi ne kuma ya sa ruwa ba ya iya zama tsarkakakke. Duk abin da ya taɓa mai gishiri-gishiri, ƙasa ce, siminti ne, kanwa ce, gumin hannu ne, sai ya raba shi zuwa iyon, iyon ɗin kuwa su ne ƴan dakon wuta. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya kawo wannan bayani a kundin digirinsa a 1884, malamansa suka ba shi maki na ƙasa-ƙasa don ba su gamsu ba. A 1903 aka ba shi Nobel saboda wannan aiki. Kowane malamin firamare na iya nuna wa yara abin da pil mai volt 4.5 da ƙaramin ƙwan fitila da waya biyu a cikin kofi: ruwan batir ba ya kunna ƙwan, a zuba sukari ya narke har yanzu duhu, domin sukari ba ya rabuwa zuwa iyon, a zuba gishiri cokali guda sai haske ya bayyana. Da pil ake wannan gwaji, ba da wutar bango ba.

Saura tambaya guda da ta daɗe tana ba masana wahala: me ya sa 80? Ƙwayar ruwa ita kaɗai ba gwarzuwa ba ce. Ƙarfin fuska biyunta 1.85 ne a ma'aunin da aka sa wa sunan Debye, alhali na asiton, ruwan da ake goge jan farce da shi, ya kusa 3, amma adadin sassautawarsa 21 kacal. Dalili na farko, ƙwayar ruwa ƙarama ce, don haka suna da yawa a cikin cokali guda. Na biyu ya fi muhimmanci: ƙwayoyin ruwa ba zaman ƴan marina suke yi ba. Idirojan na wannan yana maƙale da oksijan na waccan, har kowace ƙwaya kan riƙe maƙwabta kusan 4. Wannan riƙo, da Amurkawa biyu Latimer da Rodebush suka bayyana a 1920, yana tsinkewa yana sake ƙulluwa cikin kimanin kashi ɗaya cikin miliyan sau miliyan na daƙiƙa. Sakamakonsa shi ne ƙwaya ba ta juyawa ita kaɗai, da maƙwabtanta take juyawa, kamar sahun masu sussuka da ke ɗaga taɓare tare. Maƙwabtan kuma suna ƙara mata ƙarfi, har 1.85 ɗin nan ya tashi zuwa kusan 3 a cikin ruwa. John Kirkwood na Amurka ne ya shigar da wannan haɗin kai cikin lissafi a 1939.

Zafi kuwa abokin gabar tsari ne. Idan ruwa ya ɗumama, ƙwayoyin na rawar jiki, ba su tsayawa a fuskar da aka juya su. Adadin sassautawa 88 ne a bakin daskarewa, ya sauko 73 a digiri 40, ya koma wajen 55 a tafasa. Amma kada wannan ya ruɗi kowa, domin ta ɗaya gefen zafi na tsinka kaurin ruwa, iyon su sami saukin kutsawa, har wucewar wuta na ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 100 a kowane digiri. Kududdufin da ke gindin firigo a watan Afirilu ya fi na watan Janairu miƙa wuta.

Juyawar ƙwayoyin tana da iyakar sauri. Wutar Nijelek na sauya fuska tana dawowa sau 50 a daƙiƙa, wannan a wurin ruwa tafiyar hawainiya ce. Murhun mikro-ond da ake sayarwa a layin kayan wuta yana yin haka sau miliyan 2,450 a daƙiƙa. A nan ƙwayoyin na bi, amma suna ɗan makara, makarar nan kuma ita ke zama zafin da ke ɗumama tuwo. A cikin ƙanƙara ƙwayoyin a ɗaure suke, ba su iya bin wannan sauri, shi ya sa daskararren nama ke dahuwa a gefe tsakiyarsa na nan kamar dutse. Saƙon da parabol ke kamowa daga tauraron ɗan Adam ya fi wannan sauri sau 4 ko 5, kusa da inda ruwa ya fi shanye shi, don haka hoton talabijin ke ɗaukewa da zarar hadarin Agusta ya sauko. Kuma kada a ɗauka an rufe littafin ruwa: a 2018 masu bincike a jami'ar Mancesta ta Ingila suka matse ruwa a cikin tsaga mai kaurin ƙwaya biyu ko uku, suka tarar adadin ya faɗo daga 80 zuwa 2, domin ƙwayoyin da ke jingine da bango ba su da filin juyawa.

Daga littafi zuwa rumfa

Jikin ɗan Adam, in an bi ta wannan lissafi, salka ce ta ruwan gishiri. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin baligi ruwa ne, ruwan da ake ƙara wa majinyaci a asibiti kuma giram 9 na gishiri ke cikin kowace litarsa, domin ya yi daidai da jini. Abin da ke kare wannan salka shi ne busasshiyar fata. Turjiyarta ga wuta na iya kai om 100,000, musamman tafin hannun ɗan dako da ya yi kanta. Idan ta jiƙe da gumi ko da ruwan wanke-wanke, turjiyar jiki duka na iya faɗowa wajen om 1,000. Lissafin mai sauƙi ne: volt 220 na bango a raba da 100,000, ya ba da miliyamper 2, watau ɗan tsikari da zai sa mutum ya janye hannu yana salati. A raba da 1,000 kuwa, miliyamper 220 ne. Daga wajen 10 zuwa 15 tsoka ke ƙanƙame waya ta ƙi saki. Daga 50 zuwa 100, in ta ratsa ƙirji na daƙiƙa ɗaya ko biyu, zuciya na iya rikicewa ta daina tura jini. Waya ɗaya ce, mutum ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne danshin hannu da abin da ƙafa ta taka. Yaron da ya buɗe firigo mai yoyon wuta yana tsaye ba takalmi cikin narkakkiyar ƙanƙara ya cika duk sharuɗɗan.

Yanayin ƙasar nan ma yana koyar da darasin sau biyu a shekara. Da hunturu, iska ta bushe ƙayau, sai mutum ya taɓa ƙofar mota ko ya gaisa da abokinsa ya ji tsat, domin siririn danshin da ke kwanciya bisa kowane abu, wanda ke zurarar da caji a hankali, ya ƙafe. Da damina babu wannan. Sai kuma ruwan fari. Wata bakwai ko takwas ƙura na taruwa bisa tangaran ɗin da ke riƙe manyan wayoyi a kan turaku. Muddin a bushe take ba ta da illa. Ranar da yayyafi ya jiƙa ta bai wanke ta ba, gishirin cikinta ya narke, sai ta zama hanya, wuta ta yi tsalle, unguwa ta faɗa duhu. Wannan matsala ce da injiniyoyi suka sani a duk ƙasashe masu ƙura. Abin dariya a ciki, wutar da kanta ƴar ruwa ce: tun 1976 layin da ya taso daga madatsar Kainji ta hanyar Birnin Kebbi ke ciyar da Yamai, da ƙarfin kogin nan na Kwara da ya bi ta ƙarƙashin gadar Kennedy. Mutanen birni sun ga muhimmancin layin lokacin da aka katse shi daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024.

Masu cajin batir su ma suna aiki da wannan ilimi, ko da ba su ba shi suna ba. Batirin mota na son ruwan da aka turara, domin ƙarfe da kulor da ke cikin ruwan famfo ko na rijiya suna lalata farantan darmarsa, su sa ya riƙa zubar da cajinsa yana ajiye. Ofishin ONERSOL, wanda marigayi Farfesa Abdu Mumuni ya shugabanta daga 1969 zuwa 1985, ya ƙera na'urorin turara ruwa da zafin rana, abin da ƙasar nan ba ta rasa ba. Yau wasu na tara ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki su sayar a matsayin ruwan batir. Ya fi na famfo, amma ya kwaso ƙura da tsatsar bututu a hanya. Haka nan salular da ta faɗa ruwa: ba jiƙewar ce ke kashe ta ba, batirinta ne mai volt 3.7, wanda ya isa ya tura iyon tsakanin siraran layukan cikinta ya cinye su, tun da volt 1.23 ma ya isa a fara tsinka ruwa. Mai gyaran da ya san aikinsa kashe ta yake fara yi ya raba ta da batir, sa'an nan ya wanke ta da alkol. Mai ita da ya yi ta danna ta don ya ga ko tana da rai, shi ke ƙarasa ta.

Akwai kuma wani ɗan ma'auni mai kamar alƙalami da masu sayar da matatar ruwa ke tsomawa a kofi su nuna lamba. Wucewar wuta kawai yake aunawa, watau yawan gishirin da ya narke. Ba ya ganin ƙwayar kwalara, ba ya ganin ta taifot. Ruwa na iya nuna ƙaramar lamba ya kwantar da gida guda, wani ya nuna babba ya zama lafiya lau. A ƙasashe da dama an ga dillalan da ke tsoma sandunan ƙarfe masu wuta a ruwan famfo, ruwan ya koma ja ko baƙi, su ce wai dattin da mutum ke sha ke nan. Tsatsar sandarsu ce ta narke. Ruwan matatarsu bai canja launi ba don kawai ba ya miƙa wuta. Wannan hali na ruwa dai shi masu neman wurin gina fanfon burtsatse ke amfani da shi ta hanyar gaskiya: suna kafa turakun ƙarfe su tura wuta cikin ƙasa, dabarar da Bafaranshe Conrad Schlumberger ya fara a 1912, inda dutsen Liptako ya tsage ya riƙe ruwa sai turjiya ta faɗi.

Saura bokitin gobara. Idan wuta ta tashi daga waya ko daga kwantar, ruwan da aka watsa mata igiya ce da ke haɗa wayar da hannun mai watsawa, sauran kuma ya malale ya mayar da daɓen layin duka tarko ga masu gudu da masu kawo ɗauki. Abu na farko shi ne yanke wutar daga tushe. Kafin a yanke, busasshen rairayi ko tukunyar kashe gobara mai hoda ko mai iskar karbon su ne abin amfani. Wanda wuta ta kama ba a jan sa da hannu, da busasshen katako ake ture shi, mai turewar yana tsaye bisa busasshen wuri. Lambar sojojin kashe gobara 18 ce.

Akwai wata na'ura da ya kamata hukumar kasuwa da ƙungiyoyin ƴan kasuwa su mayar da ita sharaɗi ga duk rumfar da ke da firigo ko injin sanyaya ruwa. Masu gyaran wuta na ce mata diferansiyel. Aikinta kwatanta wutar da ta fita ta waya ɗaya da wadda ta dawo ta ɗayar. Idan aka sami giɓin miliyamper 30, alama ce wutar ta sami wata hanya, ta cikin kududdufi ko ta cikin mutum, sai ta yanke kafin ƙiftawar ido. Dijonkter na gama-gari da ke kare waya daga nauyin kaya ba ya wannan aiki, domin shi sai wuta ta wuce amper 10 ko 20 yake motsawa, abin da ya ninka mai kashe mutum sau ɗari. Mutum na iya mutuwa a jikin firigo shi kuwa bai ko girgiza ba. Diferansiyel yana da ɗan maɓalli na gwaji a fuskarsa, wanda ake dannawa lokaci-lokaci a ga ko ya yanke. Kuma wurin da babban makunnin kowane layi yake, bai kamata ya zama sirrin mai gyaran wuta shi kaɗai ba, tun da shi da magariba yake tafiya gida, mai gadi da yaran shago ne ke nan lokacin da hayaƙi ke fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.